Masarar da Aka Hana Raguna

Rahmatu ce take buɗe durom ɗin abincin raguna kowace safiya, don haka ita ta fara ganin abin. Ta kwance robar da aka ɗaure bakinsa da ita, ta yaye ledar, sai wani wari ya daki hancinta. Ba tsamin da ta saba ji ba ne. Wannan ya fi kama da warin ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Saman abincin ya yi funfuna, kore-kore da rawaya-rawaya, da ta sa hannu kuma ta ji ɗumi har cikin ƙasa.

Ragunan na Hashimu ne, wan mijinta, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya turke su ne don Babbar Sallah. A waya ya ga wata dabara, a ɓarza masara a haɗa da dusa da kowar wake, a yayyafa ruwa, a danne a durom a rufe har ya tsimu, wai rago ya fi saurin ƙiba da shi. Masarar kuwa a kasuwar Ɗanbatta ya same ta da araha, daga wani sito da rufinsa ya yi yoyo. Mijin Rahmatu, Tasi'u, yana Legas yana aikin gadi, sai shekara-shekara yake leƙowa. Ita da 'yarsu Tahira mai shekara shida suna ɗakin da ke kusa da turken, shi ya sa hidimar ragunan ta faɗo kanta ba tare da kowa ya tambaye ta ba.

Ta sami Hashimu a zaure yana shan koko. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

"Yaya, abincin nan ya canja. Ya yi funfuna."

"Ki kwashe saman ki zubar, ki ba su na ƙasa."

"Har ƙasan ma da ɗumi, Yaya."

"Ai ɗumin shi ne aikin. Je ki ba su."

Ta je ta ba su. Kafin mako ya zagayo ragunan suka fara barin abinci a kwano. Suka riƙa zawo, suna tsayawa kai a sunkuye. Wani farin rago mai baƙin kunne ya kwanta ya ƙi tashi, da ta ɗaga fatar idonsa ta ga farin ya koma ruwan ɗorawa. Washegari aka tarar da shi ya sandare. Da na biyu ya kwanta Hashimu bai jira ba, ya sa wuƙa. Rahmatu ce ta kawo ruwan wanke kayan ciki, ta ga hantar da idonta. Ta kumbura, ta yi fatsi-fatsi, ana taɓa ta tana dagargajewa.

Ranar Hashimu ya ɗauko malamin dabbobi a bayan babur, wani saurayi mai suna Kamaruddeen. Rahmatu tana bayan dangar turken tana wanke kwanukan ragunan, tana jin duk abin da suke faɗa. Malamin ya leƙa durom ɗin, sannan ya ce a nuna masa masarar da aka haɗa da ita. Hashimu ya buɗe masa ɗakin ajiya inda sauran buhunan suke jingine. Ya damƙo ƙwayar ya fasa, ya nuna masa cikinta da ya yi baƙi-baƙi.

"Alhaji, matsalar daga nan take. Wannan funfunar tana fitar da guba, hanta take ci. Da ka jiƙa ta ka rufe, iska kuma tana shiga, sai ta ƙara yaɗuwa."

"To in an shanya ta a rana fa?"

"Funfunar za ta bushe, gubar tana nan. Wanki ba ya fitar da ita duka, wuta ma ba ta kashe ta. Ka haƙa rami ka binne, da na durom ɗin da na buhun. Ko kaza kada a ba."

Hashimu ya dubi buhunan. Malamin ya yi wa ragunan allura ya tafi. Da yamma aka kife durom ɗin a bayan gida aka tura ƙasa a kai. Buhunan kuwa ba wanda ya taɓa su.

Ranar Juma'a ake awo a gidan. Kowane ɗaki da tukunyarsa, amma rumbu ɗaya ne, kuma Hashimu ne mai hawansa. Rahmatu ta kai ƙwaryarta ta ajiye kamar kullum, ta koma tana jira a kira ta. Da Tahira ta shigo da ƙwaryar a ka, ba gero ba ne a ciki.

Rahmatu ta zura hannu ta ɗebo. Ta san ƙwayar nan. Ta yafa mayafi ta fita tsakar gida.

"Yaya, ina jin an yi kuskure. Wannan ai masarar ragunan ce."

"Ba kuskure. Geron rumbu ya yi ƙasa, ga iri ba a fitar ba, ga shi sai na ɗebi wani na musanyo wa dabbobin nan dusar alkama. Ku lallaɓa da wannan zuwa bayan Sallah."

"Na ji malamin nan yana cewa a binne."

Ya juyo ya dube ta sosai.

"Laɓe kike yi mini?"

"A'a, Yaya, kwanuka nake wankewa."

"To ki ji da kyau. Rago ɗanye yake ci. Ke surfawa za ki yi, ki wanke, ki niƙa, ki dafa. Cikin mutum kuma ba irin na dabba ba ne. Yaran nan na boko in ka biye musu sai ka binne gidanka gaba ɗaya."

Ta ga matarsa Aina'u ta wuce da tata ƙwaryar cike da gero, kanta a ƙasa. Hashimu ya ga inda idonta ya bi.

"Ita tana da gyambon ciki, masara ba ta karɓe ta ba. Inna kuma tsohuwa ce. Ke da ƙuruciyarki."

Rahmatu ta koma ɗaki. Ta baje masarar a faifai ta zauna tsinta, tana fitar da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta ruɓe. Ta surfa, ta wanke har sai da ruwan ya fita fari, ta shanya. Garin da aka niƙo ya yi kyau a ido. Ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta fara kai loma ita kaɗai, ta zauna tana sauraren cikinta. Ba ta ji komai ba, sai ɗan ɗaci a bayan harshe. Tahira tana gefe tana kallon kwanon.

"Umma, yunwa nake ji."

Ta jinkirta iya yadda za ta iya, sannan ta tura mata kwanon.

"Umma, tuwon nan da ɗaci."

"Ki haɗa da miya da yawa."

Da safe ta shiga ɗakin surukarta, Inna Furera, da 'yan ƙwayoyin da ta tsince a tafin hannu. Tsohuwar tana kan tabarma tana jan carbi. Ta kai ƙwayar kusa da idonta, ta ajiye.

"Mu da muka ci dusa a shekarar fari, ga mu nan ba mu mutu ba. Yanzu an ba ku hatsi kuna tsince-tsince."

"Inna, ita ce ta kashe raguna biyu."

"Kwanansu ne ya ƙare. Ke yanzu so kike ki ce Hashimu zai ba 'yar ƙanensa guba? Kada in ƙara jin wannan magana a bakinki. Gidan nan ba a taɓa jin kanmu a waje ba."

Rahmatu ta jira har ranar da Tasi'u ya saba kira. Layin yana yankewa, ga hayaniyar motoci a bayansa. Ta gaya masa komai da murya ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofa.

"Yaya ya riga ya gaya mini," in ji shi. "Ya ce 'yar laima ce ta taɓa ta, ba wani abu ba."

"Malam, na ga hantar ragon da idona."

"Rahmatu, ina nan ina tsayuwa a ƙofar wani ina kwana a kan benci. Duk abin da na samu wa nake tura wa? Shi ne yake riƙe da ku. Kada ki haɗa ni da ɗan'uwana, don Allah. Ki yi haƙuri zuwa Sallah, ina nan tafe."

Daga nan ta shiga dabara. Tana tsinko zogale a bayan ɗaki ta yi kwaɗo, ta ba Tahira, ita ta ci tuwon. Amma ganye ba ya riƙe cikin yaro, kafin azahar yarinyar ta dawo tana jan zanenta. Lokacin kuwa ruwan farko ne, kowa ya juye abin da yake da shi a gona, maƙwabta ma awo suke yi. Sau biyu Aina'u ta shigo kamar ta zo aron maburgi, ta zazzage mata gero daga bakin zani. Karo na uku Hashimu ya tarar da ita. Ba a ji abin da ya ce mata ba, amma daga ranar ko gaisuwa daga nesa take yi.

Juma'a ta sake zagayowa, ƙwarya ta sake dawowa da masara. Haka ta bayanta.

Tahira yarinya ce mai surutu, mai son zuwa Islamiyya saboda a hanya suke wasan 'yar gala-gala da ƙawayenta. Sai ta fara cewa ta gaji. Ta riƙa kwanciya a kan tabarma da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi amai bayan koko, ta sake yi bayan tuwo. Wata safiya Rahmatu tana wanke mata fuska a bakin rariya, ta ɗago haɓarta zuwa haske. Ta ja fatar idon ƙasa da ɗan yatsa. Ruwan ɗorawa.

Ta saki butar. Ta ɗauki yarinyar ta nufi ɗakin Inna ko takalmi babu.

"Inna, dubi idonta."

Inna Furera ta duba.

"Shawara ce. Wane yaro ne bai yi shawara ba? A samo saiwar rawaya a jiƙa mata."

"Haka idon ragon ya yi kafin ya mutu."

"Ki rufe mini baki. Kina haɗa jikata da dabba? Kuma ke ko kunya ba kya ji, 'yar fari ce fa, kin ɗauko ta kina gudu a tsakar gida kamar a kanki aka fara haihuwa. A zamaninmu ko sunan ɗan fari ba ma kamawa."

Aka jiƙa saiwar, Tahira ta sha ta amayar. Rahmatu ta daina ba ta duk abin da ya fito daga ƙwaryar nan, ko da za ta wuni da ruwan zogale. Amma yarinyar ta riga ta daina neman abinci. Ƙafafunta suka kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga. Cikinta ya tashi ya yi tauri, in an taɓa gefen dama sai ta janye jiki tana kuka marar ƙarfi. Fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi.

Rahmatu ta tare Hashimu yana fito da babur.

"Yaya, a taimaka a kai ta asibiti."

"Yanzu zan je karɓo wa dabbobin nan magani. In na dawo zan turo mai kemis."

Mai kemis ya zo ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi mata allura ya tafi. Ba abin da ya sauya. Ta sake roƙo. Hashimu ya ce asibiti ba wurin zuwa ba ne da hannu biyu, a bari a sayar da raguna. Ta ce a ba ta izini ta je ita kaɗai. Ya ce matar ƙanensa ba za ta tsaya a bakin titi tana tare mota ba, mutane su ce gidan ba maza.

A 'yan kwanakin nan ragunan suka farfaɗo. Dusar alkama da harawa suka karɓe su, gashinsu ya kwanta, suka koma tunkuyin juna. Har yanzu Rahmatu ce take zuba musu. Takan tsaya da kwano a hannu tana jin yadda suke tauna, daga ɗaki kuma tana jiyo nishin 'yarta. Tsoro ya hana ta zama wuri ɗaya. In ta fita ɗebo ruwa sai ta dawo da gudu ta sa kunne a ƙirjin yarinyar. Ita kanta ta fara jin nauyi a gefen cikinta, amma ta ƙi duba madubi.

Ranar da Tahira ta kalle ta ta kira ta da sunan malamar Islamiyyarsu, Rahmatu ba ta ƙara tambayar kowa ba. Hashimu ya tafi gona da sassafe. Ta ƙulle ɗan masarar a bakin mayafi, ta goya yarinyar da ta wuce goyo, ƙafafunta suna reto, ta bi ta ƙofar baya. Ta ratsa gonakin gero da suka fara tsiro, tana waiwaye, duk wanda ta hango da fartanya sai gabanta ya faɗi. A bakin titi wani mai a-daidaita-sahu ya tsaya. Ya dubi fuskar yarinyar, bai tambaye ta komai ba, ya ce ta hau.

A asibitin Ɗanbatta wata likita ta duba idon Tahira, ta danna cikinta, ta sa aka ɗebi jini aka ɗaura mata ruwa.

"Tun yaushe idonta ya yi haka?"

"Ya kwana biyu, likita."

"Me take ci a gida?"

Rahmatu ta kwance bakin mayafin. Likitar ta juya ƙwayoyin da biro, fuskarta ta canja.

"Wa ya ba ku wannan?"

Kafin ta amsa aka yi sallama. Hashimu ne, da ƙasar gona a ƙafarsa. Aina'u ta gaya masa da ya tsare ta da tambaya. Ya gaida likitar cikin ladabi, ya ce shi ne uban yarinyar a gida. Ta nuna masa masarar. Ya sunkuya ya duba kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya dafe kai.

"Inna lillahi. Wannan ai ta dabbobi ce, likita. Na ajiye ta ne zan binne. Ita ce take kula da turken, ashe ɗiba take tana dafawa ban sani ba."

Rahmatu ta ɗago ta dube shi. Shi ma ya dube ta, ido cikin ido, bai ƙifta ba. Ta buɗe baki, ta tuna ɗakinta a gidansa yake, mijinta yana Legas, kuma shi ne zai sa hannu a sayo maganin da aka rubuta. Ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah," in ji likitar, ba da faɗa ba, "abin da aka ware wa dabba ba a ba yaro. Hantarta ta taɓu sosai. Za mu yi abin da za mu iya, amma sai an wuce da ita Kano."

Hashimu ya ce zai je ya nemo mota. A baranda ya rage murya.

"Kin fita ba izini, kin zo kina neman tona mini asiri a gaban mutane. Za mu yi magana a gida."

Motar ba ta zo ba sai bayan azahar. Kafin nan Tahira ta farka sau ɗaya, ta gane uwarta.

"Umma, za ki sa mini lalle da Sallah?"

"Zan sa miki."

"Har ƙafa?"

"Har ƙafa."

Ta koma barci. A hanyar Kano, kafin su kai Ungogo, Rahmatu ta ji jikin da ke kan cinyarta ya saki. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da riƙe ledar ruwan a sama kamar yadda aka ce ta yi, har sai da direban ya duba madubi, ya gangara gefen titi ya kashe mota.

An binne Tahira kafin magariba. Tasi'u ya iso bayan kwana biyu, idonsa jawur. Maza suna zaure, mata suna tsakar gida, kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, shawara ba ta da kyau bana. Hashimu ya hau rumbu da kansa ya sauko da damin gero, aka yi gumbar sadaka mai yawa, masu gaisuwa suna yaba yadda ya riƙe iyalin ƙanensa.

Da ɗakin ya rage su biyu, Rahmatu ta ce wa mijinta, "Malam, shi ya auna mini ita da hannunsa. Kai ma na gaya maka."

Tasi'u ya daɗe yana kallon tabarma.

"Yaya ya ce ya hana ki."

"Ka yarda?"

"To me kike so in yi? In kai wana kotu? In kashe Inna da baƙin ciki? Ko na yi, za ta dawo ne? Allah ya riga ya rubuta."

Ranar uku, mata sun cika tsakar gida, wata tsohuwa ta dafa Rahmatu tana cewa ta yi haƙuri, Mai abu ya karɓi abinsa. Rahmatu ta ji bakinta yana magana da kansa.

"Masarar da aka hana raguna aka ba mu. Tana nan a ɗakin ajiya, ku je ku gani."

Inna Furera ta miƙe da sandarta.

"Ku yi mata uzuri. Tun ranar ba ta cikin hankalinta. Aina'u, kama ta ki kai ta ɗaki."

Matan suka girgiza kai cikin tausayi. Ba wadda ta nufi ɗakin ajiya.

A daren aka yanke shawara a mayar da ita gidan iyayenta a Tofa ta huta, a yi mata rubutu. Ranar Lahadi ce kasuwar Ɗanbatta, kuma ita ce ta ƙarshe kafin Sallah, don haka Hashimu ya ɗauko akori-kura guda don a yi tafiya ɗaya. Aka loda ragunan. Rahmatu ta fito da ƙullin kayanta, sai ta ga ana ɗora buhunan masarar nan a gefen ragunan. An sake wa masarar sababbin buhuna, an ɗinke baki. Ta wani ɗan rami a ɗinkin ta hango masara fara tas, wadda aka zuba a sama.

Ta zauna a baya, gwiwarta tana gogar buhun, har suka isa.

A kasuwa Hashimu ya sa aka sauke buhunan a layin 'yan hatsi, ya bar su wurin wani mai awo, ya ja ragunan zuwa kara, inda ake sayar da dabbobi. Tasi'u ya ce ta tsaya a inuwa ya je ya duba motar Kano. Tana tsaye ta ga an farke bakin buhu ɗaya. Wata mata da goyo, da wani yaro riƙe da gefen hijabinta, ta tsaya ta ɗebi masarar tana dubawa, ta tambayi kwano nawa. Da ta ji farashin sai ta fara kwance bakin zani.

Rahmatu ta taka zuwa wurin. Ba ta taɓa magana a kasuwa ba. Ta zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ta damƙo daga ƙasa, ta buɗe tafinta a gaban matar.

"Kada ki saya, 'yar'uwa. Ita ta kashe mini 'ya."

Matar ta dubi baƙaƙen ƙwayoyin, ta dubi idon Rahmatu, ta ja ɗanta ta yi gaba da sauri. Mai awon ya fara faɗa, mutane suka taru. Rahmatu ta zauna a kan buhun ta riƙe shi da hannu biyu, duk wanda ya matso sai ta maimaita masa maganar. Wani ya ruga ya kira Hashimu. Ya zo yana ba mutane haƙuri, yana taɓa gefen kansa da yatsa.

"Rasuwa aka yi mata. Gida ma za mu kai ta a yi mata magani."

"Allah sarki," in ji mutane. "Allah ya ba ta lafiya."

Tasi'u ne ya ɓamɓare yatsunta daga buhun ɗaya bayan ɗaya, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ja ta zuwa tasha ya sa ta a mota kusa da taga. Daga nan tana hango layin 'yan hatsi. Ba a ƙara buɗe buhunan a wurin ba. Wani mai sarin hatsi da ya ga abin da ya faru ya ja Hashimu gefe, suka yi magana a taƙaice, suka tafa. 'Yan dako suka ɗora buhunan a kan wata babbar mota, cikin wasu buhunan masu kama da su, har ta kasa gane waɗanne ne.

Ragunan Hashimu sun yi kasuwa a ranar, an ce ba a kawo masu kyansu ba. A ƙauyen har yau in an tuna Tahira sai a ce shawara ce ta ɗauke ta, uwar kuma ta samu taɓin hankali. Malamin dabbobi ya faɗi gaskiya an ji, saboda rago dukiya ne. Rahmatu ta faɗi irinta a tsakar gida, ta faɗa a waya, ta faɗa a kasuwa, ba wanda ya taka zuwa ɗakin ajiya ya duba.

Tana Tofa yanzu, a ɗakin mahaifiyarta, ana kai ta asibiti saboda ciwon gefen ciki da ya ƙi tafiya. Ba ta cin tuwon masara. In ta ji injin niƙa ya tashi a unguwa sai ta fito ƙofar gida ta tsaya, tana bin yaran da ke wucewa da ƙwarya a ka da kallo. Wani lokaci takan tsayar da ɗaya ta ce ya sauke ta gani. Yaran sun saba, sukan sauke mata. Ta zura hannu har ƙasa ta ɗebo, ta fasa ƙwaya da haƙori, ta duba cikinta, sannan ta tambayi yaron daga wace kasuwa aka sayo.